Yadda zaka zaɓi jakar goyo in zaka hau dutse karon farko tare da jagora

Jakar da na fara hawa dutse da ita ta aro ce, kuma har yau in na tuna sai naji kafaɗata ta amsa. Wani abokina ne ya bani, dogon mutum ne ya fini tsawo da kusan taƙi guda, jakar kuwa ba laifi, ja ce mai aljihuna ta ko'ina, na goya ta a ɗaki ba komai a ciki na kalli madubi nace shikenan an wuce wajen. Ranar farko ko awa biyu bamu yi da fara tafiya ba bel ɗin ƙugun ya zame ya koma can ƙasa, nauyin gaba ɗaya ya dawo kafaɗa, yatsun hannuna na dama suka fara sagewa, ina ta ɗaga jakar da hannu ta baya kamar mai gyara goyon yaro. Jagoranmu ya lura, ya tsayar dani gefen hanya, ya ɗaga jakar ya zaunar da bel ɗin inda ya kamata ya ja shi tam, sannan ya cusa dunƙulen hannunsa tsakanin kafaɗata da madaurin, hannun ya shige zuruf ba tare da ya taɓa ni ba. Yace malam wannan jakar ba taka bace ko? Nace ta aro ce. Yayi dariya kawai. Kayan aro dama baya rufe katara, ni dai a kafaɗa na gane hakan, kwana uku cur.

To shi yasa duk wanda ya tambaye ni wace jaka zai saya, abun da nake fara ce masa shine ka ajiye maganar jaka tukuna, ita ce kusan ƙarshen abun da zaka saya, kuma bayanka ne zai zaɓa ba idonka ba. Bari mu bi abun daki daki.

Da farko ka tambaya: wa zai ɗauki me?

Mutane da yawa suna jin an ce tafiya ce da jagora sai su ɗauka ai komai an ɗauke musu. Ba haka bane ko kaɗan, ya danganta da dutsen da kuma tsarin kamfanin da zai kai ka. Ka rubuta musu saƙo ko ka kira, kace su turo maka jerin kayan da suke so kazo dasu, sannan ka tambaye su ɓaro ɓaro: tanti wa zai ɗauka, buhun barci fa, abinci fa, ruwa lita nawa zan riƙe a jikina kullum, akwai kayan gama gari kamar igiya ko tukunya da za'a raba mana mu ɗauka? Amsar waɗannan tambayoyin ita ce girman jakarka, ba hoton da ka gani a intanet ba.

Ka duba bambancin. Kilimanjaro a Tanzaniya, mita 5895, dutse ne mai tsawo sosai amma 'yan dako ne ke ɗaukar babbar jakarka daga zango zuwa zango, yawancin kamfanoni suna cewa kada ta wuce kilo 15, kuma sun fi son jaka mai laushi marar ƙarfe saboda a ka ko a wuya suke ɗora ta. Kai abun da zaka goya ƙaramar jaka ce ta wuni, lita 25 zuwa 35 ta isa, ruwa da rigar ruwa da rigar sanyi da ɗan abun taɓawa. Toubkal a Maroko, mita 4167, in ba lokacin ƙanƙara bane alfadarai ne ke haura da kaya zuwa masauki, nan ma ƙaramar jaka ce taka. Mont Blanc da ke tsakanin Faransa da Italiya, wajen mita 4800, babu ɗan dako amma a masaukan kan dutse ake kwana, akwai gado da bargo da abinci, saboda haka lita 35 zuwa 45 ake nema. Amma Rainier a Amurka, mita 4392, wanda bai kai Kilimanjaro tsawo ba, kai zaka goyi buhun barcinka da abincinka da kayan ƙanƙara duka, kamfanonin can lita 65 zuwa sama suke cewa a zo da ita, nauyin yakan kai kilo 18 zuwa 20. Ka gani ko, tsawon dutse baya gaya maka girman jaka. Wanda ya sayi ƙatuwar lita 70 dan yaji ance Kilimanjaro ne mafi tsawo a Afirka ya wahalar da kansa a banza, wanda kuma ya tafi Rainier da lita 30 tun a wajen duba kaya za'a ce ya nemo wata.

In jerin da suka turo ya faɗi adadin lita, ka bi shi. Sun hau dutsen nan sau ba adadi, kai kuwa ko sau ɗaya.

Na biyu, tara kayan ka auna

Lita da ake rubutawa a jikin jaka ma'aunin cikinta ne, wato yawan abun da zata ci, ba nauyin da zata iya ɗauka ba. Kuma abun haushi kamfanoni basa awo iri ɗaya, wani yana haɗawa da aljihunan waje wani baya haɗawa, sai kaga jaka biyu duk an rubuta 40 amma ɗaya tafi ɗaya ci nesa ba kusa ba.

Dabarar da nake yi mai sauƙi ce. Ka tara duk kayan da zaka goya da kanka, har da kwalaben ruwa, ka samu kwali ka jera su ciki ka danna su kamar yadda zaka danna a jaka, sai ka auna tsawon kwalin da faɗinsa da kuma inda kayan suka tsaya a santimita, ka ninka ukun ka raba da 1000, abun da ya fito shine lita. Misali kwali mai 40 da 30, kaya sun kai tsayin 35, ya baka 42000, wato lita 42. Sai ka ƙara kamar lita 5 zuwa 10 a kai, saboda a gida kana da lokaci da natsuwa kana ninke komai tsaf, a kan dutse kuwa da asuba cikin duhu hannu ya ƙandare da sanyi cusawa kawai zakayi, kuma rigunan da ka fito sanye dasu da safe in rana ta ɗaga jaka zasu koma. Amma kada ka wuce gona da iri kace bari in sayi babba sosai dan gaba, jakar da ke da fili tana kiran kaya, ko'ina ka juya sai kaga wani abu kace ai akwai waje, kafin ka ankara ka ƙara kilo uku na tarkace. Gashi in ba'a cika ta ba kayan suna ta kai da komo a ciki duk takun da kayi.

Maganar nauyi kuma, abun da aka saba faɗa shine kada kayan su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinka, mai kilo 70 kenan kilo 14, jakar wuni kuma wajen kashi 10. Ba doka bace, akwai duwatsun da dole a wuce haka, amma ma'auni ne mai kyau ga sabon shiga. Kada ka manta ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, in ance ka riƙe lita 3 to kilo 3 sun tafi tun baka saka ko safa ba. Ita kanta jakar ma tana da nauyinta, wata babu komai a ciki amma ta kai kilo biyu da rabi ko uku, wata kilo ɗaya da ɗan wani abu. Ka duba wannan lambar kafin ka duba kala.

Na uku, kuma nan ne gaba ɗaya maganar take: awon baya

Ba tsawon mutum ake aunawa ba, tsawon gadon baya ake aunawa. Mutum biyu zasu iya zama tsayi ɗaya amma ɗaya ƙafafunsa ne dogaye ɗayan kuma bayansa, to jakarsu bazata zama ɗaya ba. Ka samu tef ɗin awo irin na tela da wani wanda zai taimaka maka, dan kai kaɗai bazaka iya ba. Ka sunkuyar da kai gaba, ka shafa bayan wuyanka, zakaji wani ƙashi ya turo a inda wuya ya haɗu da kafaɗa, shine ƙashi na 7 a jerin ƙasusuwan wuya, nan ne farkon awo. Sai ka ɗora hannuwanka a ƙugu ka lalubo saman ƙashin kwatangwalo ta gefe da gefe, manyan yatsunka suna kallon juna ta baya, layin da ke tsakanin yatsun nan biyu shine ƙarshen awo. Ka miƙe sosai a auna daga ƙashin wuyan zuwa layin, tef ɗin yana bin lanƙwasar baya. Yawancin manya suna faɗawa tsakanin santimita 40 zuwa 55. Ka sa a auna sau biyu ko uku, mutane suna yawan kuskuren saman kwatangwalo su kama inda wando ke zama, wanda ya fi ƙasa.

Da wannan lambar zaka duba jadawalin kamfanin jakar, kuma na kamfanin da kansa, saboda matsakaiciyar Osprey ba lallai ta zama matsakaiciyar Deuter ko Gregory ba. Wasu jakunkunan ana iya ɗaga madaurin kafaɗar sama ko a sauke shi ƙasa, ga sabon shiga ni wannan nake ba shawara ko da ta ɗan fi nauyi, dan in kayi kuskuren awo kaɗan akwai gyara.

Sai bel ɗin ƙugu. Wannan bel ɗin ba ado bane, shine jakar. Kaso mafi yawa na nauyin, ana cewa kashi 70 zuwa 80, a kan ƙugu ya kamata ya zauna ya bi ta ƙafafu ya sauka ƙasa, kafaɗa aikinta kawai ta hana jakar faɗawa baya. Soson bel ɗin ya rungumi ƙashin kwatangwalo, ƙashin yana tsakiyar soson, ya zagayo har ya rufe ƙasusuwan nan biyu da ke turowa ta gaba, kuma in ka ja shi ya kama ya zamana akwai sauran tazara kamar faɗin tafin hannu tsakanin soson dama da na hagu. In sun haɗe to bel ɗin ya maka yawa, kuma ka tuna mutum yakan ɗan faɗa a tafiyar kwanaki, ranar da ka cire rigunan sanyi ma zaka buƙaci ƙara ja, in babu sauran wajen ja jakar zata dinga sulalewa. Siraran mutane su suka fi shan wannan wahalar.

'Yan'uwa mata, akwai jakunkunan da aka ɗinka musamman dominku, bayan ya fi gajarta, madaurin kafaɗa sun fi matsowa kusa da juna kuma an lanƙwasa su yadda bazasu danne ƙirji ba, bel ɗin ma an buɗa shi daidai ƙugu. Ku gwada su, amma ba dole bane, akwai macen da ta maza ce ke mata daidai, akwai kuma namiji mai gajeren baya da ta mata ce ta zauna masa, ba abun kunya bane, dutse baya duba lakabin jaka.

Na huɗu, gwaji da nauyi a ciki

Jaka babu kaya duk daɗi gare ta, wannan shine kuskuren da nayi a gaban madubi. In a shago ne kace su saka maka nauyi, shagunan kayan hawan dutse sukan ajiye buhunan yashi dan haka, in kuma ta intanet ka saya to ka tabbata ana karɓar mayarwa, kada ka cire takardar jikinta sai ka gwada a gida da kwalaben ruwa da ka naɗe a tawul. Kilo 10 zuwa 12 ga babbar jaka, 6 ko 7 ga ƙarama.

Yadda ake ɗaure ta yana da tsari, kuma in ka juya tsarin jaka mai kyau ma sai ta zame maka azaba. Ka sassauta duk madaurai tukuna. Ka kama hannun jakar na sama ka ɗora ta a cinya, ka zura hannu ɗaya ka juyo da ita baya, kada ka fizge ta daga ƙasa da madauri ɗaya, haka ake samun ciwon baya tun ba'a fara tafiya ba. Ka ɗan duƙa gaba ka ɗaga ta da kafaɗa, ka zaunar da bel a kan kwatangwalo ka ja shi ya kama sosai. Bayan nan sai madaurin kafaɗa, ka ja su ƙasa da baya har su kwanta a jiki, amma ba har su ƙwace nauyin daga ƙugu ba. Sai 'yan ƙananan madaurin nan biyu da ke tasowa daga saman kafaɗa zuwa saman jakar, waɗanda mutane da yawa basu ma san amfaninsu ba, su ne ke jawo saman jakar ya matso jikinka, a babbar jaka ana so su tashi a karkace kamar digiri 45, ka ja su kaɗan kawai, in ka matsa musu sai madaurin kafaɗa ya ɗage ya bar rami. Na ƙarshe na ƙirji, ya zauna kamar yatsu biyu ƙasa da ƙasusuwan gindin wuya, kada ka matse shi, a sama inda iska tayi ƙaranci kana buƙatar ƙirjinka ya buɗe iya buɗewa.

Yanzu ka tsaya gefe a madubi ko a ɗauke ka hoto. Madaurin kafaɗa ya bi kafaɗar ya zagaya ba rami, ya haɗu da jakar 'yan santimita kaɗan ƙasa da saman kafaɗa. In akwai rami kamar nawa jakar ta maka tsawo. In kuma madaurin ya gangara can tsakiyar baya kafin ya haɗu da jakar, kana jin yana janka baya, ta maka gajarta. Daga nan kayi yawo da ita aƙalla minti 20, ka hau bene ka sauko, ka duƙa kamar zaka ɗaure takalmi, ka juya hagu da dama da sauri kaji ko tana binka ko tana lilo ita kaɗai, ka ɗaga hannu sama, sannan ka ɗaga kai ka kalli sama. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi, in dutsen na saka hular kwano ne to ka gwada da hular, akwai jakar da murfinta ke tokare ƙeya ta dinga turo maka hula kan ido duk sanda ka ɗaga kai neman hanya, abu ne ƙarami a shago amma awa takwas a kan dutse zai iya sa ka tsani duniya. Duk inda kaji ɗan gogawa ko tsikari a minti 20 ɗin nan, kada kace zai saba, ba zai saba ba, ƙaruwa zai yi.

Na biyar, tarkacen jikin jaka

Nan masu sayarwa suka fi surutu kuma nan ne ni na fi gajarta. Kusan duk jakar hawan dutse ta yanzu ƙarfenta, wato firam ɗin da ke riƙe ta a miƙe, a ciki yake, tsarin da wani Ba'amurke mai suna Greg Lowe ya fito dashi a 1967, kafin nan irin mai firam ɗin alminiyom a waje ake yayi wadda wani Ba'amurken, Dick Kelty, ya fara yi a 1952. Mai firam a ciki tafi manne wa jiki, shi yasa ta kori waccan a wajen hawa. Abun da zaka duba shine in kayanka zasu wuce kilo 10 to lallai ta zama mai ƙarfe ko allo mai tauri a baya, marar firam sai ƙwararrun da suka rage kayansu sosai.

Akwai masu raga a baya da ke bar wa iska hanya, suna da daɗi a zafi gaskiya, gumi baya taruwa, sai dai suna ture nauyin nesa da bayanka kaɗan, a hanya mai kyau ba matsala amma inda ake dafa duwatsu da hannu ko ana tafiya a kan ƙanƙara gara wadda ta lafe a jiki, gashi garin ƙanƙara yana cusuwa cikin ragar. Siririya doguwa tafi mai faɗi, mai faɗi tana maƙalewa a matsatsin duwatsu tana kuma tokare gwiwar hannu.

In dutsen na ƙanƙara ne ka tabbata akwai wajen maƙala gatarin ƙanƙara, da madaurai a gefe, da yadda zaka ɗaure hular kwano da ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi. In ba na ƙanƙara bane wajen soke sandunan dogarawa ya isa. Ka saka safar hannu mai kauri ka gwada buɗe kowane makulli da kowane zif, wanda ya gagare ka a ɗaki zai fi gagararka a sanyi. Aljihun murfi na sama da ɗan aljihun jikin bel suna da amfani sosai, sauran aljihuna goma sha ɗin nan kuwa nauyi ne da ƙarin zif da zai iya lalacewa, kuma zaka manta inda ka saka abu. Lambar da zaka gani kamar 210D ko 420D kaurin zaren yadin ne, in lambar ta fi girma yawanci yadin ya fi juriya ya fi nauyi, ƙasan jakar ne ya fi buƙatar mai kauri tunda shi ake dangwararwa a kan dutse sau ɗari a rana.

Ruwan sama da ruwan sha

Yawancin jakunkuna basa hana ruwa shiga, yayyafi kawai suke iya tarewa, in aka yi ruwa na gaske ta ɗinki da zif yake shiga. Marufin nan da ake yafa wa jaka ta waje yana taimakawa amma iskar kan dutse tana cire shi kamar hula, na taɓa ganin na wani ya tashi sama yana kallo ba yadda zai yi, kuma baya rufe ɓangaren da ke manne da bayanka. Abun da ya fi shine kariya ta ciki, ka samu jakar nan da ake naɗe bakinta ruwa baya shiga ka zura a cikin jakar, ko aƙalla buhun barci da rigar sanyi da safa su shiga irinta. Wasu babbar leda mai kauri suke sakawa kuma tana aiki, amma ka bincika dokar ƙasar da zaka, Tanzaniya misali ta hana ledar zuba kaya tun watan Yunin 2019.

Ruwan sha kuma, jakar ruwa mai tiyo da ake zurawa a baya tana sa mutum ya sha akai akai ba sai ya tsaya ba, wanda abu ne mai kyau a sama. Matsalarta sanyi. Duk mita 1000 da ka hau zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi, a Kilimanjaro kuma da tsakar dare ake tashi hawan ƙarshe, tiyon nan shi ke fara daskarewa, ga ruwa lita biyu a bayanka ga ƙishi amma ko ɗigo bazai fito ba. In ka sha sai ka hura iska ka mayar da ruwan tiyon ciki, hakan yana ɗan jinkirta abun, amma daren ƙarshe ka riƙe kwalba mai faɗin baki a cikin jaka, ka naɗe ta da safa ka kifa ta kai ƙasa, tunda ruwa daga sama yake fara ƙanƙara, in ka juyo ta bakin yana nan a buɗe. Ka dai tabbata murfin baya yoyo kafin ka kifa ta a kan rigar sanyinka.

Shirya kaya a ciki

Abu mai laushi da bazaka nema ba sai dare, kamar buhun barci, shi ke zuwa ƙasa. Masu nauyi, ruwa da abinci da ƙarafa, su zauna tsakiya manne da bayanka, tsakanin ƙugu da allon kafaɗa, sai ka cusa tufafi ta gabansu da gefe su riƙe su kada su motsa. In nauyi yayi nesa da baya zai dinga janka baya kana duƙawa kana rama, in yayi sama da yawa zaka dinga tangaɗi. Rigar ruwa da rigar sanyi a sama inda hannu zai kai cikin daƙiƙa kaɗan, saboda hutun da jagora ke bayarwa gajere ne, minti goma ko sha biyar, a ciki zaka saka riga ka ci ka sha ka mayar da komai, wanda kayansa ke ƙasan jaka hutunsa a tono yake ƙarewa, ana cewa a tashi shi ko ruwa bai sha ba. Tocilan goshi, man kare fata daga rana, tabarau, safar hannu, magungunanka, duk a aljihun murfi. Ka daidaita nauyin dama da hagu. Kuma dan Allah banda rataye rataye a waje, kofi nan takalmi can suna ta ƙarau ƙarau, suna kama reshe suna faɗuwa, abun da bai shiga ciki ba ko dai baka buƙatarsa ko jakar ta maka kaɗan. In ka gama ka ja madauran gefe su matse komai ya zama dunƙule ɗaya.

Sannan ka saba da ita

Ba'a fafe gora ranar tafiya. Ka sayi jakar aƙalla wata biyu kafin lokaci ka dinga fita da ita, ka fara da kilo 5 ko 6 kana ƙarawa a hankali duk sati har ka kai nauyin da zaka ɗauka, a kan tudu in akwai, in babu to matattakalar bene ma ta isa, kuma da takalmin da rigunan da zaka hau dasu, dan wani lokacin ba jakar ce ke gogar ka ba, ɗinkin riga ne ko bel ɗin wando da ya faɗo ƙarƙashin bel ɗin jaka. Ruwa ya fi komai daɗin yin atisaye dashi, in ka kai sama sai ka zubar ka sauko da sauƙi gwiwoyinka su huta. A nan ne zaka koyi wasa da madaurai kana cikin tafiya, in ƙugu ya gaji ka ɗan sassauta bel kafaɗa ta karɓa na minti biyar, in kafaɗa ta gaji ka mayar, a gangara ka ƙara matse komai dan kada jakar ta dinga tura ka gaba.

In ka lissafa kaga wannan hawan ne kawai ba lallai ka sake ba, kamfanoni da yawa suna bada hayar jaka, ba laifi bane, amma ka tura musu awon bayanka tun da wuri kuma ka isa da kwana ɗaya a hannu ka gwada ta da kaya a ciki, in bata zauna ba kace a canja, kada kunya ta hana ka.

In da jirgi zaka tafi, babbar jakar ka ɗaure duk madauranta ko ka zura ta cikin wata jakar, saboda injin da ke jan kaya a filin jirgi yana cin madauri da makulli, kuma makullin bel in ya fashe jakar ta tashi aiki, shi yasa nake ajiye guda ɗaya na sauyi a aljihun murfi tare da ɗan salatif mai ƙarfi. Gatari da ƙarafan takalmi da wuƙa a kayan da ake aunawa suke tafiya, batirin cajin waya kuma dole a hannu. Ƙaramar jakar ka shiga da ita jirgi, ka saka rigar ruwa da rigar sanyi da magunguna da tocila a ciki, takalmin hawan kuma ka saka shi a ƙafa ko da zai maka nauyi a layin bincike, dan in babbar jaka ta yi lattin isowa kusan komai ana samun haya a gindin dutse, banda takalmin da ya riga ya saba da ƙafarka.